Ɓarin Goron Kaka Maitama

Kumasi, 6 ga Janairu, 2008

Zuwa ga jikana kuma abokin faɗana, Fatawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da sanyin ƙasarku da aka ce ruwan famfo ma daskarewa yake yi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta daina jin magana. 'Yata, Goggonka Hadisa, ta zo Sallah daga Tamale ta koma. Hajiya Wahida ce za ta kawo maka wannan takarda, tunda ta ce shagonta na Landover, can Amurka, ba shi da nisa da kai. Kada ka ce me ya hana ni buga waya. Kunnena ya yi nauyi, kuma ni tsohon malamin makaranta ne, alƙalami na sani.

Na san za ka yi mamaki, don shekara tara ke nan da tafiyarka, kuma zumuncinmu ba na kusa ba ne. To ka tuna washegarin Babbar Sallah, lokacin kana yaro, yadda nake zama a kan buzu a tsakar gida, kuna bayana, ina motsa baki kuna shafa Fatiha har sau goma sha huɗu? Kai dai nama kake jira, na sani. Sunaye nake kira: mutum goma sha huɗu da suka ja ayarin goro ko suka riƙe gidanmu, tun daga Madugu Ɗanliti da ya taso daga Kano, kowa da garin da aka binne shi.

'Ya'yan Madugu biyu, Auwalu da Sani, sun yi rigimar da ta kusa raba zuri'a, kowane gida yana taƙama da nasa kakanni. Sai dattawa suka tara sunayen a bakin mutum ɗaya. Ba a rubutawa, ba a ɗaga murya. Kuma mai riƙe da su ba ya bai wa ɗansa, sai ɗan ɗaya gidan, don dole kowane gida ya nemi ɗan'uwansa. Ni ɗan gidan Auwalu ne, a bakin kakanka na gidan Sani, mahaifin babanka, na karɓa. Yanzu sai in mayar gidan Sani, kuma tun rasuwar mahaifinka kai kaɗai ka rage namiji a can.

Abin ba shi da wuya. Ka zo, ka zauna a buzuna, mu fasa goro, in faɗa ka maimaita. Kwana uku ya isa, ko da kanka na nan da taurin da na san shi.

Kakanka,
Maitama

Gaithersburg, 15 ga Maris, 2008

Kaka,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarka a shagon Hajiya, na karanta ta a tsaye tsakanin buhunan gari da kifi busasshe, har ta tambaye ni ko lafiya. Ina lafiya, Kaka. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ko da yake ni na san tsufa ne kawai ba ka so ka amsa. Ka gaishe da Goggo Hadisa.

Maganarka ta yi mini nauyi, kuma na karɓa. Zan zo. Amma bari in gaya maka abin da ya riƙe ni.

Aikina kula da wani tsoho ne, Malam Gregory, a gidansa nake kwana. Da can malamin tarihi ne a jami'a. Yanzu hannunsa rawa yake yi, idonsa ya dushe, ni nake yi masa wanka, in ba shi abinci, in tura shi a keke. Ba shi da mata, ɗansa kuma yana nesa. Shekara talatin yana haɗa littafi ɗaya, a kan wata ƙasa can Ostareliya, zamanin da Ingila take mulkinta, shekara fiye da ɗari da suka wuce. Suna da majalisa biyu: babba ta manya da gwamna yake naɗawa, da ƙarama wadda jama'a suke zaɓa. Shi 'yan ƙaramar yake bi. Duk wanda ya taɓa zama a cikinta yana da kati a akwatinsa: suna, mazaɓa, sana'a, ranar shiga, ranar fita, ranar mutuwa. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu, akwai makiyayan tumaki, da masu haƙar zinariya, da wani mai gidan burodi da ya yi shekara ashirin bai taɓa buɗe baki a majalisa ba.

Tunda ya daina gani, ni ne idonsa. Ranar Talata da Alhamis nakan kai shi babban ɗakin karatu a Washington, in karanta masa tsofaffin jaridu. Ya ce mini, "Fatawu, idan ka tafi, littafin nan ya mutu kafin ni." Saura kati talatin da ɗaya. Ina ganin zuwa ƙarshen shekara mun gama, sai in taho da kwanciyar hankali.

Jikanka,
Fatawu

Kumasi, 20 ga Agusta, 2008

Fatawu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Damina ta yi kyau, sai dai rufin zaure da ya fara yoyo daidai inda nake zama, kamar da gangan.

Na karanta takardarka sau biyu, na yi dariya har tari ya kama ni. Wato jikan Madugu Ɗanliti ya ƙetare teku don ya zama maroƙin makiyayan tumaki. Su waɗannan 'yan majalisa naku ba su bar jikoki ba ne, sai kai? Na nemi ƙasar a tsohuwar taswirata ta makaranta, na same ta can ƙasa, inda ɓera ya fara ci.

Amma ban ga laifinka ba. Mutumin da ya ƙi yarda sunan wani ya ɓata, ko da ba danginsa ba ne, mutumin kirki ne. Ka gaishe shi, ka ce wani tsoho a Zangon Kumasi sana'arsu ɗaya, sai dai nawa akwatin a ka yake. Abu ɗaya nake so ka tambaye shi: wanda ya yi shekara ashirin bai yi magana ba, me ya sa aka ci gaba da zaɓensa? Ina zargin shi ne mai hankalin cikinsu.

Ka riƙe amanar da ke hannunka. Babu gaggawa, ina nan. Sai dai ka sani shekarata tamanin da ɗaya, kuma ba ni na ajiye su ba.

Kakanka,
Maitama

Gaithersburg, 9 ga Maris, 2009

Kaka,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Wata bakwai ban amsa ba, kunya ce ta hana ni, don na ce ƙarshen shekara ga shi har ta wuce. Ina lafiya. Malam Gregory ya kwanta asibiti sati uku da sanyin ƙirji, amma ya dawo gida. Ya ji daɗin gaisuwarka ƙwarai. Ya ce mai burodin nan, duk ranar zaɓe kyauta yake rabawa.

Katunan sun ƙare sai ɗaya. Wani Bartholomew ne, mai aunon filaye, an zaɓe shi, ya yi wata goma sha ɗaya a majalisa, ya ajiye kujera, daga nan babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Gurbin ranar mutuwarsa fari fat. Na ce wa Malam mu rubuta "ba a sani ba" mu wuce. Ya ce shi bai yarda ba a sani ba, ba a dai nema da kyau ba. Na ce to mu kintata shekara. Ranar ce kaɗai na ga ya yi fushi da ni. Ya ce, "Gurbi a buɗe gaskiya ne. Wanda aka cike da zato ƙarya ce, kuma na baya ba zai sake nema ba."

Tunda ka ce babu gaggawa, hankalina ya ɗan kwanta. Mutum ɗaya ne ya rage, Kaka.

Jikanka,
Fatawu

Kumasi, 11 ga Yuni, 2009

Fatawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da tsohonka. Jiki da sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ne ya fara koyi da na Malam Gregory.

Ga ɓarin farin goro na ba Hajiya Wahida ta kawo maka. Ni na fasa shi da hannuna da safen nan. Ɗaya ɓarin yana wurina, na naɗe shi a ganye, na sa a ƙarƙashin buzu.

Ka san sauran.

Kakanka,
Maitama

Gaithersburg, 2 ga Yuli, 2009

Kaka,

Na gode, na gode. Ina lafiya, kuma na ji daɗi da ka ce jiki da sauƙi. Takardarka ta yi gajarta wannan karon, ko tsokana ɗaya babu, na ce lalle yoyon zaure ya ɓata wa tsoho rai.

Goro ya iso, Hajiya ta ɓoye shi a cikin ɗankwali. Ya ɗan fara yin ja a gefe, amma bai lalace ba. Na gane saƙon: rabi wurinka, rabi wurina, wato muna tare kuma ka sa wa aikina albarka. Wallahi sai da na yi ƙwalla, don rabona da farin goron gida tun ranar da na bar Kumasi. Na yanka shi biyu na ba Malam Gregory. Ya tauna, ya yamutsa fuska, ya ce yanzu ya gane abin da ya sa kakanninmu suke tafiyar wata uku a ƙasa: gudun ɗacin suke yi. Na ba shi ruwa ya sha, sai ya ji zaƙin.

Mun sami wata alama a kan Bartholomew, kamar ya koma wani ƙauye a bakin kogi. An aiko mana da jaridun yankin, shekara goma sha biyu, ina bin su shafi shafi. Kafin Sallah ko jim kaɗan bayanta za ka gan ni.

Jikanka,
Fatawu

Gaithersburg, 24 ga Oktoba, 2009

Kaka,

Gaisuwa a gurguje, Hajiya gobe za ta tashi. Ina lafiya, ina fatan kai ma haka. Ban ji daga gare ka ba, na san ramuwa kake yi.

Mun same shi. Layi uku ne a ƙasan shafi, kusa da tallar maganin tumaki: ya nutse a kogi yana ƙetarewa da doki, ranar uku ga Mayu, 1871. Malam Gregory ya riƙe hannuna yana kuka. Saura gyaran littafi a kai wa masu bugawa. Na yanki tikiti, sha biyu ga Janairu ina Kumasi. A kakkaɓe mini buzu.

Jikanka,
Fatawu

Kumasi, 14 ga Disamba, 2009

Ɗana Fatawu,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Mun ga saƙon ta'aziyyarka, Allah ya ba da lada. Ni Goggonka Hadisa ce. Ka ji rasuwar Baba a waya, amma akwai abin da ban iya faɗa a waya ba, ga jama'a cike da gida.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Da azumi na dawo daga Tamale na tarar Baba ya rame, hannun dama ba ya ɗaguwa sosai. A ƙarƙashin buzunsa na ga ɓarin goro ya bushe ya yi baƙi. A gidanmu, idan mai riƙe da sunaye ya ji tafiya ta matso, ba ya cewa ina ciwo. Farin goro yake fasawa ya aika da ɓari ga magajinsa, ma'ana ka taho kafin ya bushe. Haka kakanka na gidan Sani ya aika wa Baba, ya baro makaranta a tsakiyar jarrabawa ya taho. Na ce me Fatawu ya ce? Sai ya miƙo mini takardarka, wadda ka ce kun cinye da Baturenka.

Na ɗauki waya zan kira ka, ya hana ni. Ya ce ba a bin goro da magana. Na ce Baba, yaron nan yana da shekara bakwai ubansa ya rasu, wa ya gaya masa? Sai ya ce, "Ni ya kamata in gaya masa, na zaci an haife mu da sani." Duk da haka ya ce in bari, tunda kana hidimar tsoho mara kowa, ba zai raba ka da shi ba. Na bi maganarsa, kuma yau ina cizon yatsa. Da na saɓa masa sau ɗaya a rayuwata.

Takardarka ta ƙarshe ni na karanta masa. Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, an sami mutumin mutane."

Washegarin Babbar Sallah muka zaunar da shi a buzu. Muka shafa Fatiha huɗu, sai muka ji shiru. Bakinsa yana motsi, babu abin da ke fita. Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana bin gemunsa. Ban taɓa ganin Baba ya ji tsoro ba sai ranar.

Da hantsi ya ce in kawo takarda. Na ce Baba, ba a rubutawa. Ya ce gara ya amsa laifin karya al'ada da ya tafi da su duka. Ya faɗi huɗun farko da garuruwansu, ya faɗi biyar na ƙarshe. Na biyar zuwa na tara sun tafi. Kwana huɗu muna gwadawa, wani lokaci ya ce "wanda aka binne a bakin rafi," sai ya tsaya. Na ce in haɗe layukan? Ya ce a'a, in bar musu wurinsu, Baturen Fatawu ya yi gaskiya.

Ga takardar nan a ciki, da ɓarin goronsa. Ban bar kwafe ba, naka ne. Ka zo a Janairun kamar yadda ka shirya, buzu yana nan.

Goggonka,
Hadisa

Beltsville, 18 ga Nuwamba, 2010

Goggo,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Tamale. Ni lafiya, sai dai zuciya. Ki lura da sabon adireshi: Malam Gregory ya rasu a watan Afrilu, an sayar da gidan, na kama ɗaki a Beltsville kusa da wasu 'yan Accra. Ya riƙe littafinsa a hannu kafin ya tafi. Ya sa sunana a shafin godiya, ni kuwa har yau ban iya buɗe shafin ba.

Kin san yadda na yi yawo da na zo, ina neman sunaye biyar ɗin da suka ɓace, daga tsofaffin Zango har garin Salaga. Abin da ban gaya miki ba shi ne, na dawo da sunaye har goma sha ɗaya. Kowane tsoho da nasa, kowa yana rantsuwa, babu biyu da suka yi daidai. Wani ma don ya ga na yi nisan tafiya ne ya ba ni, kada in koma hannu banza. Na daɗe ina kallonsu, da na zaɓi biyar babu mai kama ni. Ban zaɓa ba.

Goggo, ki tashe ni daga barci ki tambaye ni kowane ɗaya daga cikin mutum ɗari huɗu da goma sha biyun nan, zan gaya miki mazaɓarsa da ranar da ya mutu. Na san launin dokin da ya nutse da Bartholomew. Kwana uku kawai Kaka ya nema a wurina. Wannan abu yana cin raina kullum, kuma ba na son kowa ya ce mini ƙaddara ce, ko da yake na san ita ce.

Na haddace taran, na ƙona takardar, don abin ya koma baki inda yake. Idan lokaci ya yi zan mayar wa gidan Auwalu. Ki fara duba mini wanda ya dace cikin 'ya'yan yayyenki, zan gaya masa ma'anar goro da bakina tun ina da ƙafafuna. Ɓarin Kaka yana cikin aljihun rigar Sallata.

Jiya da safe na shimfiɗa buzun a tsakar ɗaki, na fuskanci gabas. Babu kowa a bayana. Na kira Madugu Ɗanliti da ukun da ke bin sa, kowa da garinsa da Fatiharsa. Da na zo na biyar na buɗe baki na rufe, na ce, "Allah, Kai ka san shi," na shafa. Haka na yi har sau biyar. Sannan na kira biyar na ƙarshe, na ƙare da kakana mahaifin babana.

Har na fara naɗe buzun, sai na tuna ba a gama ba. Na koma na zauna, na ce Maitama, an binne shi a Kumasi. Bana Fatiha goma sha biyar ce, Goggo. Ki gaya wa mutanen gida su ƙara ɗaya.

Ɗanki,
Fatawu